Cips, kaza da lemo: wa ke zaɓa wa yaro abin da zai ci a gidan abinci?

A Sakkwato ba mu da wani abu takamaimai da ake ce wa abincin yara a gidajen cin abinci, irin wanda ake sakawa a ɗan kwali da abin wasa a ciki kamar yadda ake yi a Amurka, amma duk wanda ya taɓa tsayawa layi a wuraren nan na zamani da ke kan titin Ahmadu Bello ko hanyar Maiduguri ranar yawon Sallah ya san muna da shi, kawai dai ba a rubuta shi a allo ba ne. Soyayyar shinkafa ko jalof, cinyar kaza, cips, lemo mai sanyi, in aljihun Abba da nauyi a ɗora da ayis kirim. Wanda bai ci wannan ba to shawarma ce ko mit-fai. Tire goma za su wuce ta gabanka ba ka ga wanda ya fita daban ba, ɗan haɗin kabejin da aka ɗiga a gefen faranti kuwa nan ake barinsa sai yaron shago ya zo ya kwashe.

Ka tambayi iyaye su ce maka yara ba sa cin ganye. Ka tambayi mai gidan abinci ya ce ko ya kawo ba a saye. Kowa ya jingina wa yaro laifin, shi kuwa ba wanda ya tsaya ya tambaye shi, sau da yawa ma ba ya wurin lokacin da aka yanke abin da zai ci. Ni a ganina cikin mutum ukun nan, yaro da uba da mai shago, yaron ne ya fi sauƙin juyawa, kuma abin da aka saba ɗorawa a tire ba tare da an tambaya ba ya fi ra'ayin kowannensu ƙarfi.

Gaskiya ne an haifi ɗan Adam da son zaƙi, nonon uwa ma zaƙi gare shi, kuma harshen yaro ya fi na babba jin ɗaci, abin da kai za ka ce ɗan bauri ne shi a bakinsa maɗaci ne. Sannan daga shekara 2 zuwa wajen 6 yara kan tsananta ƙyamar duk abincin da ba su saba gani ba, ba sangarta ba ce, haka halittar take kusan ko'ina a duniya. Wata mai bincike a Amurka, Leann Birch, ta shafe shekaru tana nazarin yadda yara ke koyon cin abinci, kuma abin da ita da waɗanda suka biyo bayanta suka gano shi ne yaro kan buƙaci a gabatar masa da sabon abu sau 8 zuwa 15 kafin bakinsa ya karɓa. Mu kuwa sau nawa muke gwadawa? Sau ɗaya, in an matsa biyu, ya tofar, sai Inna ta ce ai wane ba ya cin karas, shi ke nan an yi masa tambari, dangi duk sun ji, shi ma ya ji ya kuma riƙe. Sun kuma gano cewa cinikin nan da muke yi da yara, cinye ganyenka in saya maka ayis kirim, ƙara ɓata lamarin yake yi, don yaro ba wawa ba ne, ya gane cewa abin da sai an biya shi lada kafin ya ci to ba abin daɗi ba ne.

Amma abin da ya hana ni yarda da maganar "ba sa ci" ɗin nan, ku je ƙofar firamare a Mabera ko Runjin Sambo lokacin tashi. Yaran nan da kuɗin tararsu suke sayen goruba su yi ta gaigaya, ga magarya, ga aduwa mai ɗacin nan, ga yalo, ga ɗanyen mangwaro da gishiri da yaji, ga karas a baro lokacin sanyi. Da azumi kuma in an sha ruwa wa ya taɓa ganin an yi kokawa da yaro kan ya ci kankana? Sai dai faɗan wa ya ɗauki babban yanki. Kwaɗon zogale ko na rama in ya ji ƙuli-ƙuli 'yan mata ƙanana har rububinsa suke yi. Yaron da ke tsotsar aduwa ba za a ce ɗaci ne ya hana shi cin latas ba.

Wuri ne ya bambanta, da abin da ya sa rai. A kansa gidan abinci wurin abin da babu a gida ne, ya gani a talabijin, ya gani a wayar yayarsa, abokinsa na aji ya ba shi labari har da ƙari, to ka kai shi can ka ajiye masa abin da ya yi kama da na tukunyar Inna, ai gani zai yi an cuce shi. Kuma kwali da tambari suna aiki a kan harshe fiye da yadda muke zato. A 2007 masu bincike a Jami'ar Stanford sun ba yara 63 'yan shekara 3 zuwa 5 abinci iri ɗaya sak kashi biyu, ɗaya a naɗe da takardar McDonald's, shahararren gidan abincin nan na Amurka, ɗaya a takarda marar rubutu, aka ce wanne ya fi daɗi, akasarinsu suka nuna mai tambarin, har da madara, har da karas.

Shi McDonald's ɗin nan ba shi da ko reshe ɗaya a Najeriya amma shi ne ya yaɗa wannan al'adar, tun 1979 ya baza kwalin yaransa Happy Meal a faɗin Amurka, kuma abin da ya faru da shi yana da darasi ko da yanayinmu ba ɗaya ba ne. Da surutun ƙibar yara ya yi yawa sai suka sa yankakkiyar tuffa a matsayin zaɓi, wato in kana so ka ce a ba ka maimakon cips. Kaɗan ne ke cewa a ba su. Sai a 2011 suka sanar cewa kowane kwali zai riƙa zuwa da tuffa a ciki ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba, cips ɗin kuma aka rage shi, a 2013 suka yi alkawarin cire lemo daga allon abincin yara, ba wai sun hana ba, in shi kake so za a ba ka amma sai ka buɗe baki ka faɗa. Jihar Kalifoniya ma doka ta yi, wadda ta fara aiki a 2019, cewa abin shan da ke zuwa da abincin yara kai tsaye ruwa ne ko madara.

Wanda ya fi burge ni shi ne na wasu gidajen abinci da ake kira Silver Diner a yankin birnin Washington. A 2012 suka sake jerin abincin yaransu, suka cire cips da lemo daga takarda, kowane faranti ya zo da 'ya'yan itace ko kayan lambu, sai masu bincike na Jami'ar Tufts suka bi bayanan ciniki suna dubawa, ba tambayar baki ba, abin da aka saya a zahiri. Da can sama da rabin farantan yara da cips ake fita da su, bayan canjin suka koma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu, cinikin gidan kuma bai faɗi ba. Ba wa'azi aka yi wa yaran ba, iyayen ma ba a tara su taron bita ba.

Mu ma ai muna da wannan dabarar tun tuni. Mai tsire ko mai balangu bai taɓa tambayarka ko kana son albasa ba. Yanka ta yake yi, da tumatir, wani har da kabeji da kokwamba, ya barbaɗa yaji ya naɗe a takarda, ka kai gida a baje a tsakar ɗaki yara su zagaye, kafin ka ankara an share takardar har albasar da ta jiƙe da man nama, ƙaramin cikinsu na lasar yatsu. Yaron nan fa shi ne aka ce ba ya cin ganye. Da mai tsiren zai riƙa cewa Alhaji in sa albasa ko kar in sa, kuma kuɗinta daban, da rabin mutane sun ce bar shi. A jihar da Wurno da Goronyo ke loda wa manyan motoci albasa zuwa kudu, abin haushi ne a ce kayan lambu sai an roƙa kafin su hau farantin yaro.

Yanzu iyaye, a nan lamarin ke da wuya, kuma kar a ɗauka rashin sani ne, don yawancin masu iya shiga wuraren nan 'yan boko ne, ma'aikata, malaman jami'a, 'yan kasuwa, wasu ma a asibiti suke aiki, sun san illar sukari sarai. Ka same su a ofis ko a majalisa ka tambaye su, kowa zai ce ai ya kamata a riƙa ba yara abinci mai gina jiki. A gaban kanta kuwa wani lissafi ne daban ke aiki.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya tashi, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne, to mutumin da ya kwashi 'ya'ya huɗu ko biyar ya kai su gidan abinci ba ƙaramin abu ya yi ba, wataƙila daga Sallah sai Sallah, ko ranar saukar karatu, ko ranar da aka ba da sakamakon jarrabawa. Farin cikinsu ya je saye, ba zai yi caca da kuɗinsa a kan farantin da yaro zai iya turewa ba a bar shi da asara biyu, ga kuɗi sun tafi ga kuka a bainar jama'a. Na ji wani dattijo a layi yana ce wa babban ɗansa da ya ce a ɗauko wa ƙananan salak: "Kai wane, haki na nan gida, shi na za ni biya kuɗɗi in saye? Ba su abin da suka so, yau ɗai ta." Tsakani da Allah yana da hujja, in da gaske yau ɗin ce kaɗai. Sai dai a wasu gidajen yau ɗin ta zama kowane ƙarshen mako, sannan ga ledar dare ta kullum.

Ledar daren nan ita ce ainihin abincin yara na gidan abinci a garin nan. A gidaje da yawa uwa da ƙananan yara ba su cika zuwa su zauna a ci a can ba, maigida ne ke biyawa a hanyarsa ta komawa bayan isha'i ya yi tekawe, ka ga wanda ke zaɓa shi ne wanda bai san abin da yaran suka ci tun safe ba, ita kuma wadda ta sani, ta san wane bai taɓa tuwonsa ba yana jiran Abba, ba a tambaye ta ba. Uba kuma so yake in ya yi sallama a rugo a rungume shi, kuma ba wanda ke rugowa don ledar kokwamba. Sai yaro ya koyi jan ciki, ya ƙi miyar kuka da magariba don ya san kaza na tafe. Mata na ƙorafin wannan a tsakaninsu, amma wace ce za ta ce wa miji ya daina shigo da tsaraba?

Sai tsoron ƙazanta, wanda masu kawo mana shawarwarin ƙasashen waje ba sa lissafawa sam. A Landan uwa ba ta tunanin da wane ruwa aka wanke latas. A nan dole ta yi, don taifot da amai da gudawa ba labari ba ne, damina ba ta cika wucewa ba a ji su ba. Abin da aka tsoma a tafasasshen mai ya fito da zafinsa, da kwalbar da aka buɗe a gabanka, sun fi kwantar da hankali a kan yankakkiyar gwanda da ba ka san tun yaushe take cikin gilashi ba, a garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu wuta kuma ta zo ta tafi. Uwar da ta ce kar a sa wa ɗanta salak ciwon gobe da safe take gudu, na shekara 30 masu zuwa kuwa ta bar wa Allah, kuma in ka zauna a inda take da wuya ka ce ta yi wauta.

Akwai kuma yadda muke kallon jiki. Yaro ya yi ɓul-ɓul da kumatu a ce tubarkalla ana jin daɗi gidan wane, ya rame a fara tambayar uwarsa ko lafiya. Wannan ba daga sama ya faɗo ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Sakkwato kuwa sun haura rabi, rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 kuma ya sa jihar nan a kan gaba wajen talauci, sama da kashi 90 cikin 100. Asibitin Noma da ke cikin garin nan tun 1999, saboda cutar da ake kira noma, mai cin fuskar yara, wadda yunwa ke share wa hanya, shi kaɗai ya isa shaida. A irin wannan wuri ka zo kana cewa a rage wa yaro abinci a ƙirga masa kalori kamar yadda ake yi a Amurka, kallon mahaukaci za a yi maka. Duk mai son ya tallata abinci mai lafiya ga yara a nan da sunan ragi ya faɗi tun kafin ya fara. Ƙari ne zai shiga kunnen iyaye, ƙwai, wake, kifi, nono, ganye a cikin miya ko a cikin shinkafar kanta, abin da za a ce yana ƙara jini yana gina jiki. Kuma dama shi ne gaskiyar buƙatar, don yaro na iya cika ciki da cips da lemo har ya ajiye teɓa alhali jininsa bai kai ba.

In da za a ce in taɓa abu ɗaya a tiren nan, kazar zan bari, cips ɗin ma zan ɗaga masa ƙafa, kwalbar zan kama. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa kar ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, in so samu ne a tsaya a kashi 5, wato wajen giram 25 ga babba, ƙaramin cokali 6. Robar lemo ta rabin lita tana ɗauke da wajen giram 50, kusan ƙwayar sukari 10 irin na kwali da ake jefawa a shayi. Ba uwar da za ta tsaya tana kallo a jefa wa ɗanta ɗan shekara 5 ƙwaya 10 a kofi, amma roba guda ana miƙa masa ya shanye a tsaye, wani lokacin ma a ƙara. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne iyayen da ke ganin sun yi dabara, su ce ni ba na ba 'ya'yana mai gas, sai jus na kwali ko malt ko yogot, alhali in ka juya bayan kwalin ka karanta da yawansu sukarin bai yi nisa da na lemon ba. Namu na gida ma ba su tsira ba, soborodo da kunun aya da ake ɗurawa a roba wasu har maƙaƙin zaƙi suke yi, fura kuwa in ba ka tare hannun mai dama ta ba ludayin sukari za ta zuba. Bambancin dai waɗannan ana iya cewa a rage, na kwalba kuwa yadda ya zo haka za a sha.

Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Naira 5 ke nan a kan rabin lita. Wa zai fasa saya wa ɗansa lemo ranar Sallah saboda naira 5?

Mai gidan abinci shi ma ba mugu ba ne, lissafi yake yi. Lemo ba ya ruɓewa, kamfani ne ke kawo masa har ƙofa, sau da yawa firij ɗin ma su ke ba shi. Dankali da kaza suna kwana a firiza. Kankanar da ya yanka da rana kuwa in ba ta ƙare ba kafin dare ta zama ta bola, ga man janareta, ga ma'aikacin da zai wanke ya fere. Ya rubuta salak a can ƙasan allo da kuɗinsa daban, ba wanda ya kula, ya goge ya ce mutanen Sakkwato ba sa so, alhali abin da ya gwada shi ne ainihin wanda ya gaza a Amurka ma. Abin gwadawa shi ne ƙaramin faranti na yara da kuɗinsa ƙasa da na babba, don yanzu ɗan shekara 4 da babansa zubi ɗaya ake yi musu rabi ya tafi a banza, a ciki shinkafa da wake ko mai karas da koren wake, ɗan nama ko ƙwai, ayaba ko lemun zaƙi da ɓawonsa don uwa ta ɓare da hannunta hankalinta kwance, sai ruwan roba, wanda ke son lemo ya faɗa a ba shi. Ayaba ba ta buƙatar firij ba ta buƙatar wuƙar kowa, uba kuma ya ga ya biya ƙasa da yadda ya saba.

Za a samu masu bori, musamman 'yan shekara 9 zuwa sama da suka riga suka san sunan komai kuma su ke karɓar kuɗi su je kanta da kansu, waɗannan sai a hankali. Ƙananan kuwa ido suke bi, abin da ke cikin kwali mai hoto da abin da yayyensu ke ci. Wahalar tana wajen mai shagon da zai fara, don ribar lemonsa zai taɓa da hannunsa, maƙwabcinsa na tsallaken titi kuma bai taɓa tasa ba.